Ranar da Joda Ya Guntsi Ruwa

Ka taɓa jin dillalin shanu ya kushe dabbar da igiyarta ke hannunsa? In ka ce ka taɓa ji, to ba a kasuwar Potiskum ba ne, kuma ba daga bakin Joda ba.

An haifi Joda a wata ruga da ke bayan Nangere, ya tashi da sanda a kafaɗa kamar sauran yaran gidansu. Shekarar da annobar shanu ta ratsa ƙasar, garken mahaifinsa mai kai sittin ya koma huɗu, huɗun ma biyu tsofaffi ne. Sai ya shigo gari da riga ɗaya da baki ɗaya, bakin ne kuwa ya ciyar da shi. Kafin a yanke Yobe daga Borno ya riga ya zama dillalin da ake nema a kara, wato kasuwar shanu. Yana jin Fillanci da Hausa da Barbarci, yana iya ƙulla ciniki da Ngizimanci da Karekare, yana kuma da gaisuwar Yarbanci guda uku da yake tarar fataken Kudu da ita. Harsuna shida ke nan in an yi masa alfarma, kuma a cikinsu duka babu wanda ya koyi yadda ake faɗin aibi da shi.

Bijimi mai ɗingishi, a wurin Joda, tafiyar ƙasaita yake yi. Saniya mai ido ɗaya ba ta da rawar kai, gabanta kawai take kallo. Ramamme kuwa, "Ƙashi gare shi, Alhaji. Nama ai ciyawa ce, kai za ka sa masa." Ba ya rantsuwa a kan ƙarya, wannan kowa ya shaide shi. Abin da yake yi shi ne ya wanke dabba tas, ya shafa wa ƙahonta mai, ya juyo wa mai saye gefen da ya fi kyau, shi kuma ya tsaya da babbar rigarsa ta gefen da ke da magana. Daga nan sai ya buɗe baki, ba ya rufewa sai an ce an sallama.

Joda yana da ƙanwa, Asta, tana aure can gefen gari ta wajen Ngojin. Mijinta yana bin tirelolin shanu zuwa Kudu, ya fi daɗewa a kan hanya fiye da a gida. 'Yarsu ta fari ita ce Murjanatu, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafafu tun tana 'yar shekara uku. Yanzu tana da tara. Da rarrafe take yawo, silifas ɗinta a hannu maimakon a ƙafa. Makarantar firamarensu tana hayin babban titi, titin da tireloli ke bi ba dare ba rana. Kakarta Gogo ce ke goya ta ta tsallakar da ita kullum, har ranar da bayan Gogo ya ƙi. Tun daga lokacin Murjanatu take zaune a zaure, tana kallon yara suna wucewa da jakunkunan buhu, tana gyara musu lissafi in sun dawo. Hedimasta ya aiko cewa in zango na gaba ya shiga ba ta dawo ba, zai ba wani wurinta, don benci ɗaya yara biyar yake ɗauka, na shida yana tsaye.

Ana cikin haka, a shekarar casa'in da biyar, mai unguwa ya sa aka yi shela. Wani kwamitin walwala zai zo daga hedikwatar jiha ya duba yara masu naƙasa, za a raba kekunan guragu, irin masu ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Kekuna goma sha biyu ne. Yaran da aka kawo a Potiskum kaɗai sun haura arba'in.

Joda ya ji shelar, ya ce wannan aikinsa ne. Asta ba ta jin Hausa sosai, ga shi kuma mijinta ba ya nan. Wa ya fi shi sanin yadda ake gabatar da abu gaban masu dubawa?

Ranar Talatar da za a yi zaman, tun da sassafe ya iso gidan da sabon zane da kwalbar man shafawa. Ya sa aka yi wa yarinyar wanka da kitso, aka rambaɗa mata kwalli. Ya ɗora ta a kekensa ya kai ta makarantar da za a zauna tun kafin maigadi ya gama shara, don kada wani ya ga yadda ta shigo. Ya zaɓi benci na kusurwa, ya zaunar da ita, ya ja zanen ya rufe har ƙasa, ya ɓoye silifas ɗin hannun a aljihunsa. Ya ja da baya ya dube ta.

"Yauwa," in ji shi. "Ko 'yar gwamna sai haka."

"Kawu, ai ƙafafuna suka zo gani."

"Ke dai ki yi murmushi. Magana tawa ce."

Sauran iyaye ba su yi wannan wahala ba. Kowa ya kawo nasa da rigar da ta fi yagewa. Akwai wani mahauci da ya shigo da ɗansa a kafaɗa yana nishi, yaron da jiya-jiya Joda ya gani yana tsallaka kwata da ƙafa ɗaya yana bin akuya. Joda ya kalle su ya girgiza kai. Mutanen gari ba su san mutunci ba, in ji zuciyarsa. Ina aka taɓa kai abu gaban baƙo a wulaƙance?

Kwamitin ya iso bayan azahar, a mota ɗaya, saboda wahalar fetur. Mutum biyu ne suka zauna a teburi: shugaba, Alhaji Muhammadu Lawan, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya, da wata jami'ar walwala, Malama Falmata, wadda ke rubutu. Aka jera musu kwalaben lemo takwas. Tsarin aikinsu mai sauƙi ne. A kira suna, babba ya matso, a yi wa babban tambaya goma, yaro yana gefe ana nuna shi da biro.

Da aka zo kan Murjanatu, Malama Falmata ta dubi Asta. "Ke ce mahaifiyarta?"

Asta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya tana kallon allo. A gidan da ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta kai kukansa gaban mutane. Ko a tsakar gida, in tana son yarinyar ta ci abinci, bango take gaya wa. Yanzu kuma ga namiji baƙo, ga ɗaki cike, a ce ta buɗe baki ta ce ita ta haife ta?

Ta yi wata 'yar magana da Fillanci, ƙasa-ƙasa.

"Me ta ce?" in ji shugaba.

"Ta ce 'yar Gogo ce, ranka ya daɗe. Kunya ce irin tamu. Ni ne kawunta, duk abin da ake so a tambaye ni."

"To, Mallam. Yarinyar tana iya tafiya?"

"Tafiya? Ranka ya daɗe, yau ta riga kowa zuwa ɗakin nan. Tambayi maigadi."

"Tana iya yi wa kanta abubuwa?"

"Wa kanta kawai? Unguwa guda take yi wa lissafi. Dubi hannun nan, dubi damtse. Wannan ko namiji albarka. Ba ta ciwo, ba ta zaɓen abinci. Tunda aka haife ta ba ta taɓa yin tuntuɓe ba."

Yana magana yana matsowa, har ya tsaya daidai gaban gwiwoyinta, babbar riga ta baje. Ba da niyya ya yi ba. Ƙafarsa ce ta san wurin tsayawarta.

"An rubuta mana shan inna," in ji Malama Falmata, tana leƙe ta gefen rigar.

"Ɗan taɓawa ne, Malama. Ya zo ya ga ba wurinsa ba ne."

Murjanatu ta buɗe baki. Joda ya ɗora mata hannu a kafaɗa, irin yadda yake lallashin maraƙi, ya ci gaba. Ya yabi haƙoranta, ya yabi asalinta ta wajen uwa da ta wajen uba. Shugaba ya sauya tabarau, ya dubi yarinya fes cikin sabon zane tana murmushin da aka ce ta yi, ya dubi layin masu yagaggun riguna da ke jira.

"Ma sha Allah," ya ce. "Da duk iyaye haka suke da gaskiya, da aikinmu ya yi sauƙi. Wannan ba ta cikin masu buƙata. Na gaba."

Joda ya fito yana jin daɗi irin na wanda ya rufe ciniki da wuri. Har ya tsaya ya gaya wa maigadi cewa babban mutum ya yaba musu a gaban jama'a. Sai da ɗakin ya watse ya koma ya ɗauko ta. Ɗan mahauci ya sami keke.

Suna kan hanya, tana bayansa a kariyar keke, Asta na biye da su a ƙasa, Murjanatu ta ce, "Kawu."

"Na'am, uwata."

"Ka iya talla."

"Ai sana'ata ce."

"To yanzu da ka sayar musu da ni a mai lafiya, wa zai tsallakar da ni titi?"

Joda ya taka burki. Wata tirela ta wuce su, shanu suna leƙowa ta saman bodi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana mayar da cinikin a ransa daga farko, kamar yadda yakan yi in an cuce shi a kara, yana neman inda aka shammace shi. Ya duba ko'ina, bai ga wanda ya cuce shi ba sai mutum ɗaya.

Joda ba mai zama ya yi tagumi ba ne. Kafin magariba ya ji daga wurin direban kwamitin, a bakin mai shayi, cewa gobe za su zauna a garin Mamudo, daga can sai gida. Gobe kuwa Laraba, ranar kasuwar shanu, ranar da bai taɓa fashi ba ko da zazzaɓi. Yana da bijimai bakwai na wani Alhaji da ya yi alkawarin tsayawa a kansu. Ya je ya damƙa igiyoyinsu ga abokin hamayyarsa, yana ji kamar haƙori ake cire masa.

Saura gyaran baki. Ya zauna a tsakar gidan Asta ya ce a gwada shi. Murjanatu ta zama shugaba, ta ɗora murfin kwano a hanci a matsayin tabarau.

"Mallam, yarinyar tana iya tafiya?"

"Ba ta iyawa, ranka ya daɗe." Ya haɗiye yawu. "Amma fa in ka ga saurinta da hannu, wallahi ko mai ƙafa..."

"Ka faɗi. Sake."

Suka sake. Duk inda ya fara da "ba ta", sai "amma" ta biyo baya da gudu. Gogo tana kwance a tabarma tana dariya har bayanta ya motsa. Joda ya share gumi ya ce shi dai bakinsa ba ya juyawa ta wannan gefen.

Asta tana tankaɗe, ba ta dubi kowa ba. Ta fuskanci bango ta ce da Fillanci, "A gaya wa Hamma Joda, mai ruwa a baki ba ya magana. Waccan kuma tana da nata bakin."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji ta yi a kan 'yarta.

Washegari suka hau acaɓa zuwa Mamudo, shi da yarinyar da buta. Babu kwalli, babu sabon zane. A ƙofar ajin da kwamitin ke zaune ya sauke ta, ya miƙa mata silifas ɗinta, ya ɗaga buta ya cika kumatunsa. Ta shiga da rarrafe, yana biye da ita. Bai taɓa tafiya mai nauyin wannan ba. Hannunsa sai kaiwa yake ga riga yana son baza ta.

Alhaji Muhammadu Lawan ya sauya tabarau. "A'a. Ba kai ne mai gaskiyar jiya ba? Me ya same ta cikin dare?"

Joda ya nuna kumatunsa.

"Haƙori?"

Joda ya girgiza kai, ya nuna yarinyar.

"Mallam, da kai nake magana. Ina uwarta? Ina wani babba?"

Babu wani babba. Shugaba ya dubi Malama Falmata, ita ma ta dube shi. A tsarinsu ba a tanadi abin da za a yi ba in babba ya ƙi magana. Can dai Malama Falmata ta ajiye biro, ta zagayo teburi, ta tattara zaninta ta tsuguna har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar.

"'Yata, ya sunanki?"

Murjanatu da ke da bakin gyara wa unguwa lissafi ta sunkuyar da kai. Tunda take, wani babba daga waje bai taɓa tambayarta komai ba, sai dai a tambayi na kusa da ita. Joda yana da amsa a shirye cikin harsuna shida, ga ta nan tana iyo a cikin ruwan. Idanunsa suka kawo ƙwalla. Shugaba ya buɗe lemo.

"Murjanatu Bakari," ta ce daga ƙarshe. "Aji uku. Da."

"Me ya hana ki zuwa yanzu?"

"Titi. Ina iya kaiwa bakinsa da kaina. Amma direban tirela ba ya ganin abin da ke ƙasa. Kuma da rana kwalta tana cin hannu, ko da silifas."

Ta juya tafin hannunta ta nuna, ta ja siket ta nuna kantar gwiwoyinta. Malama Falmata ta miƙa hannu ta jawo takardarta daga kan teburi, ta ɗora a cinya tana rubutu. Tambayoyinta goma ne, babu titi a cikinsu, sai ta juya bayan takardar.

"Akwai kujera mai taya da ake turawa," in ji ta. "Wata ƙungiya ta ba mu guda biyu."

"Wa zai tura? Gogo ba baya, Kawu yana kara. Kuma unguwarmu yashi ne, ƙananan tayu nutsewa suke. Mai murzawa nake so. A ɗaura mata tsumma ja a sanda mai tsawo, don direba ya gani."

"Sai me kuma?"

"Masai ɗin makaranta. Ƙasan a jiƙe yake kullum, ni kuma da hannu nake shiga. Shi ya sa ba na shan ruwa in zan je."

Wannan ko Joda bai sani ba. Shekara tara yana yabon yarinyar, bai taɓa jin wannan ba. Ruwan ya yi masa ɗaci a baki.

Shugaba ya yi gyaran murya. Ya ce abin da tausayi, amma an rufe lissafin Potiskum tun jiya, na Mamudo kuma na 'yan Mamudo ne. Keke ɗaya ya rage, shi kuwa an ware shi don ranar biki, wanda uwargidan babban baƙo za ta miƙa da hannunta a ɗauki hoto. Ba kowane yaro za a ɗora a kai ba. Ana neman wanda ba zai yi kuka ba in ya ga soja, wanda kuma zai iya godiya a lasifika.

Ya tsaya. Ya sauya tabarau ya sake duban ta.

"Ke, za ki iya cewa kin gode a gaban mutane da yawa?"

"Da Hausa ko da Turanci?"

"Malama Falmata, rubuta ta." Ya juya ga Joda. "Mallam, yarinyar nan tana da kai. Ga baki, ga natsuwa. Me ya sa ba ka gaya mana ba jiya?"

Nan ne Joda ya haɗiye ruwan, ya ƙware, aka yi ta bubbuga masa baya.

Bikin bai zo ba sai bayan damina, amma Malama Falmata ta rubuta wa hedimasta ya riƙe gurbin, kafin nan kuma Joda ne ke tsallakar da ita kullum kafin ya wuce kara. Ranar bikin aka kafa rumfa huɗu, aka yi jawabi shida. Murjanatu ta karɓi lasifika ta yi godiya da Hausa da Turanci, ta ɗora da maganar masai, sai na'urar ta ɗauke daidai wurin. Keken na manya ne, hannunta ba ya kaiwa mamurzi. Joda ya kai wa mai walda ya rage, aka cusa matashi biyu a baya, aka ɗaura jan tsumma a sandar rake. Ranar Litinin ta tsallaka titi da kanta, tirela biyu suka tsaya mata. Asta tana daga bakin zaure, ta gaya wa bango cewa wasu dai sun iya tuƙi.

Joda bai bar dillanci ba, bai kuma koyi kushe ba. Har ya tsufa bijiminsa mai ɗingishi tafiyar ƙasaita yake yi. Amma labarin ya zaga, sai ya zama duk lokacin da aka ce masu dubawa za su zo, ko na walwala ko na makarantar kurame da makafi, iyaye sukan aiko a kira shi ya raka su. Suna zaton bakinsa suka hayo. Sai ya iso da buta. A ƙofa zai tsiyaya wa uban yaro, ya tsiyaya wa kansa, su shiga su jeru da kumbararrun kumatu kamar masu busa algaita. Ta haka aka gano wani yaro kurma da ubansa ya yi shekaru yana cewa taurin kai ne da shi, bayan yaron ya zana wa wata malama mai dubawa abin da yake so a ƙasa da tsinke. Wata makauniya kuma da aka zo nema wa sanda ta ce tana da sanda har biyu, rediyo take so. Iyaye da yawa sun haɗiye tun a tambayar farko. Joda yakan sake cika musu, ba ya faɗa.

In akwai irin wannan yaro a gidanku, ranar da wani mai biro ya zo tambaya a kansa, ka zaunar da shi a gaba, ka nuna wa mai tambayar inda zai tsuguna. Sannan ka guntsi ruwa, cikakken baki, kada ka haɗiye sai yaron ya gama. Gwada ka ga a tambaya ta nawa maƙogwaronka zai fara motsi.